Gidan Haya da Mai Kwana a Kango: Ina Matsayinmu?

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a wajen babban taron shekara-shekara



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya nufe mu da sake haɗuwa a bana cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi da 'yan majalisarka, malamanmu magada annabawa, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga birane na kusa da na nesa, iyayenmu mata, 'yan uwa da abokan arziki, ina yi muku barka da zuwa gida.

Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi tsokaci a kan gidajen haya, saboda ganin yadda da yawa daga cikin 'ya'yan garin nan mazauna birane suka karkata ga zuba jarinsu a ƙasa da gini. Duk wanda Allah Ya buɗa wa, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya karɓi garatuti, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sayi fuloti ya gina ya zuba 'yan haya, domin ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya ɗaukarta. Shawarar tana da kyau, haya kuwa halal ce. Sai dai a biranen da muke gina waɗannan gidaje akwai dubban bayin Allah da ba su san inda za su kwana gobe ba, kuma cikinsu har da 'ya'yan garin nan. Abin da nake so mu duba a yau shi ne alaƙar da ke tsakanin waɗannan mutane biyu, mai gini da mai kwana a kango. Ra'ayina shi ne, irin ginin da muke zaɓa mu yi, da irin sharuɗɗan da muke gindaya wa ɗan haya, suna daga cikin abubuwan da ke yanke hukuncin wanda zai kwana a ɗaki da wanda zai kwana a waje.

Wane ne marar matsuguni?

Idan an ce marar matsuguni, hankalin yawancinmu yana tafiya ne ga mai taɓin hankali da ke kwance a gefen titi. Lamarin ya fi haka faɗi. Akwai ɗan ci-rani da ke dako da rana, da dare ya shimfiɗa kwali a rumfar kasuwa. Akwai mai tura ruwa da ɗan acaɓa da suke kwana a tasha ko a barandar masallaci. Akwai magidancin da ya raba iyalinsa, matar ta koma gidan iyayenta da yara, shi kuma yana kwana a shagon abokinsa, saboda haya ta gagara. Akwai bazawarar da aka sayar da gidan gado aka ba ta tumunin da ba zai sayi ko ɗaki ɗaya ba. Sannan ga 'yan gudun hijira, waɗanda rikicin Boko Haram ya kora zuwa Maiduguri tun bayan 2009, da waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, kamar ta 2022 wadda ta tashi fiye da mutum miliyan ɗaya, ko ta Maiduguri a watan Satumban 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Mafi yawan waɗannan mutane suna aiki, suna kuma samun ɗan abin da suke samu. Abin da ya gagare su shi ne tara dunƙulallen kuɗin da ake nema kafin a miƙa musu mabuɗi.

Domin ku ga inda matsin ya kai, a shekarar 2024 gwamnatin Jihar Legas ta bayyana cewa ta gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin wata gada a unguwar Ikoyi, inda masu kwana suke biyan naira 250,000 a shekara. Wato har ƙarƙashin gada ma an samu wanda ya mayar da shi gidan haya.

Yadda magabatanmu suka sauki baƙo

Bahaushe ya daɗe yana fatauci, bai kuwa san kwanan titi ba. Gidanmu na gargajiya yana da zaure, kuma zaure ɗakin baƙo ne da almajiri da matafiyin da dare ya riska. A kan hanyar Gwanja, inda ake safarar goro daga Salaga, da kuma zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, da unguwar Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, akwai fatoma, wato mai masauki. Shi ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki, sannan ya sami la'ada idan an sayar. Arzikin fatoma yana tafiya ne tare da arzikin baƙonsa, saboda haka ba ya son ganin baƙon ya tagayyara.

Yau abin ya sauya. An toshe zaure an mayar da shi shago. Mai gida yana Abuja, gidan yana Kano, tsakaninsa da ɗan haya sai dillali. Bai san sunansa ba, bai san matarsa ta haihu ba, bai san an sallame shi daga aiki ba. Wanda ba ka san fuskarsa ba kuwa korarsa ba ta da wuya.

Lissafin mai gida

Adalci ne mu fara duba ɓangaren mai gida, don shi ma yana da nasa kukan. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su wuce miliyan 56 ba, a ta 2006 sun kai miliyan 140, yanzu kuwa sun haura miliyan 200, kuma fiye da rabinsu a birane suke. Gidajen gwamnati, tun daga masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari har zuwa rukunin Gwarimpa na Abuja, ba su taɓa kusantar biyan buƙata ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, bai shafi ɗan dako da mai shayi ba. Saboda haka nauyin samar wa talaka ɗaki ya faɗo ne a wuyan ɗaiɗaikun mutane irinmu.

Ginin kuma ya yi tsada. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a watan Fabrairun 2024. Hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mu ɗauki misali, mutum ya kashe naira miliyan 30 ya gina gida, yana karɓar hayar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ribarsa kashi biyar ce cikin ɗari, kuma sai ya shekara ashirin kafin uwar kuɗinsa ta dawo, ban da gyaran rufi da yashe shadda da fenti. Idan mai gidan ɗan fansho ne, ko marayu ne ke ci daga hayar, ba wanda zai ce kada su yi ƙari. Akwai kuma 'yan hayar da ba su da amana, masu cin kuɗin haya da gangan, su lalata gida, su bar bashin wuta su gudu. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsadar siminti ba ta halatta duk abin da ake yi da sunanta ba.

Ƙofofi huɗu da ake fita waje ta cikinsu

Ƙofa ta farko ita ce neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. A ce ciki da falo naira 300,000 ne a shekara. Shekara biyu 600,000 ke nan. Dillali ya ɗauki kashi goma, a ce kuma kuɗin rubuta yarjejeniya kashi goma, jimilla 720,000. Albashin wata goma ke nan da ɗoriya, ba ci ba sha. Mutumin da zai iya biyan naira 25,000 duk wata ba tare da fashi ba, an rufe masa ƙofa, alhali kuɗin da zai shiga aljihun mai gida a shekara bai ragu da ko kwabo ba.

Ƙofa ta biyu ita ce kowa ya ɗaga kai sama yana gina wa masu hali. Fulotin da zai ɗauki ɗakuna goma, ya rufa wa magidanta biyar asiri, sai a dasa masa bene guda na mutum ɗaya, a yi shekara ana jiran wanda zai iya biya. Ku dubi Abuja. Tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa can a watan Disambar 1991, ƙananan ma'aikata suna kwana ne a Nyanya da Mararraba da Masaka da Suleja, suna asubanci a kan hanya, alhali manyan gidaje a Maitama da Asokoro suna kulle ba kowa sai maigadi. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan haƙƙin matsuguni, Leilani Farha, da ta ziyarci Nijeriya a watan Satumban 2019, ta yi magana a kan irin waɗannan gidaje, har ta ba da shawarar a sa wa gidan da aka bari ba kowa haraji. A watan Disambar 2024 kuma kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta ƙwato. Gini na nan, amma ba a yi shi domin masu buƙatarsa ba.

Ƙofa ta uku ita ce rusa tsofaffin gidaje domin ƙasar ta yi daraja. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana bakwai, aka tashi kimanin mutum 300,000, daga baya wurin ya zama unguwar masu kuɗi. A Abuja, wata ƙungiyar kare haƙƙin matsuguni ta duniya ta ƙiyasta cewa rusau ya shafi mutum 800,000 tsakanin 2003 da 2007. A irin wannan hali, ko an biya diyya, mai gida ne ke karɓa, ɗan haya sai dai ya ɗauki tabarmarsa. Kada mu ce wannan aikin hukuma ne kawai, domin muna yin ƙaramin irinsa da hannunmu. Maigida ya rasu, magada su matsa a sayar da gidan gado, ɗan kasuwa ya saya ya rushe ya jera shaguna. Gidan da ke ɗauke da mutum talatin ya koma ba mai kwana a ciki sai kaya. Matan mamacin da marayunsa su shiga layin masu neman haya.

Ƙofa ta huɗu ita ce korar tsohon ɗan haya domin a sa sabo da tsada. Sau da yawa dillali ne ke zuga wannan, don shi la'adarsa tana zuwa ne duk lokacin da aka sauya ɗan haya. Ga lissafin. Gidan da ake biyan 600,000 a shekara, an fitar da mai biya a kan lokaci domin a sami mai biyan 700,000. Gidan ya yi wata huɗu a kulle, an yi asarar 200,000, ga kuɗin fenti da gyara. Sai an shekara biyu kafin ƙarin ya cike wannan giɓi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Mu da muka yi aikin koyarwa mun san wanda ke biyan kuɗin wannan kora. Yaro yana cikin aji yana ƙoƙari, tsakiyar zangon karatu sai a daina ganinsa. In an bincika sai a ce an tashe su daga gida sun koma bayan gari, inda makaranta ta yi nisa. Wasu suna komawa karatu bayan shekara, wasu kuwa shi ke nan, sai talla da gararamba a tasha.

Abin da doka ta tanada

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 16, ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙoƙarin samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni da ya dace, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya tilasta shi a kotu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne dokokin haya. A Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara kuma na wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Dokokin jihohi da dama sun yi kama da wannan. Cire wa ɗan haya ƙofa, ko yaye kwanon rufi, ko watso masa kaya waje, ko turo masa 'yan daba, duk saɓa wa doka ne ko da ana bin sa bashi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware wasu unguwanni irin su Ikoyi da Apapa. Sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Saboda haka hana ɗan haya rasit yanzu tauye masa haƙƙi ne.

Abin da addini ya koyar

Malamanmu suna nan, su ne masu fagen, ni tuni kawai zan yi. Shari'a ta halatta ijara, ta kuma wajabta wa ɗan haya ya biya abin da aka yi alkawari. Haka nan aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da ake ba zakka. A Madina, Ansaru sun sauki Muhajirai a gidajensu, waɗanda ba su da kowa kuma, wato Ahlus Suffa, aka ba su wuri a jikin masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Muna kuma da hubusi, wato waƙafi, inda mutum ke tsayar da kadara don Allah, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na gudana har bayan ransa. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya neman shawararsu kan yadda ake rubuta shi.

Shawarwari

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon wannan taro ya duba abubuwa kamar haka.

Na ɗaya, duk ɗan ƙungiyar da ke da gidan haya ya yi alkawari a gaban 'yan uwansa cewa ba zai nemi fiye da kuɗin shekara ɗaya ba, kuma zai amince wa mai ƙaramin ƙarfi ya biya wata-wata ko duk wata uku, in ya kawo mai tsaya masa.

Na biyu, mai shirin sabon gini ya tuna da ɗaki ɗaya da ciki da falo. Masu nemansu sun fi yawa, ba sa zama a kulle, kuma idan ɗan haya ɗaya ya gaza, sauran suna biya. A yi su da mutunci, da taga mai shan iska, da ruwa, da makewayin da ya wadaci mutanen gidan.

Na uku, a rubuta yarjejeniya cikin harshen da ɗan haya ke ji, a ba shi rasit, in za a yi ƙari a sanar da shi tun da sauran watanni. Mai gida ya san ɗan hayarsa ido da ido, kada ya bar wa dillali wuƙa da nama.

Na huɗu, kowane reshe ya buɗe asusun lamunin haya ba ruwa, a riƙa tara shi kamar adashi. Ɗan garin nan da aka ba notis ya zo a ranta masa, ya biya sannu a hankali. Tare mutum tun yana cikin ɗaki ya fi sauƙi a kan ɗauko shi daga tasha.

Na biyar, uwar ƙungiya ta sa a gaba ta mallaki gida guda na hubusi a birnin da 'ya'yanmu suka fi yawa. Shagunan gaba a ba da su haya su riƙe gidan, ɗakunan ciki su zama masaukin ɗalibi da mai jinya da sabon zuwa, na ɗan wa'adi, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Zauren kakanninmu ke nan muka maido.

Na shida, kafin a sayar da gidan gado, dattawa da malamai su zauna da magada a tabbatar an san inda mata da ƙananan yara za su koma. In zai yiwu wani daga cikin dangi ya sayi kason masu son kuɗi, gidan ya tsaya.

Na bakwai, ku 'yan uwanmu da ke zaune a gidajen mutane, ku riƙe amana. Ku biya a kan lokaci, in abu ya faru ku je ku faɗa tun kafin a zo nema. Ɗan haya ɗaya maras amana yakan sa a rufe wa mutum goma ƙofa.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, jama'a, ban zo in hana kowa neman riba ba. Na zo ne in tuna mana cewa gida ya bambanta da sauran haja, domin a cikinsa ake sallah, ake renon yara, ake rufa asirin iyali. Da yawa daga cikinmu da muke karɓar haya a yau, wani ne ya ba mu ɗaki a ranar da muka sauka birni da jaka ɗaya. Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, ba mu san gidan wa 'ya'yanmu za su ƙwanƙwasa ba bayan ba mu. Ina fatan kafin taron baɗi sakatare zai karanta mana sunayen rassan da suka buɗe asusun, da adadin magidantan da aka hana fitar da kayansu waje.

Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa matsuguni mafita, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.